Ciyar da Kifi da Murjani a Tankin Gilashi

Idan ka taɓa halartar bikin aure a birnin Benin, ko ka ga hoton Oba cikin kayan sarauta, to ka ga murjani. Shi ne jan abin adon nan da ake shiryawa a zare, a rataya a wuya ko a ɗaura a hannu. Matan Hausawa ma sun daɗe suna ado da shi, kuma sunansa daga Larabci aka aro shi. Mutane da yawa suna zaton murjani dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. Amma murjani na ainihi ƙashin wata 'yar dabba ne da take zaune a cikin teku. Dabbar tana da baki, tana da ciki, tana cin abinci, tana girma, kuma idan ta rasa abin da take bukata sai ta mutu.

Jan murjanin ado daga Bahar Rum aka fi samo shi. Yana da dangi masu yawa a tekuna masu ɗumi, kuma waɗannan dangin manyan magina ne. Miliyoyinsu suna zama wuri guda, 'ya'ya suna gina ɗakunansu a kan ƙasusuwan iyayensu, har bayan dubban shekaru ginin ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Shi ake kira tudun murjani. Mafi girma a duniya yana arewa maso gabashin Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300, wato kamar ka tashi daga Legas ka je Kano ka dawo. Akwai wasu a Bahar Maliya, da Indunusiya, da Filifin, da gaɓar tekun Kenya da Tanzaniya. A gaɓar Nijeriya ba mu da irin wannan tudu, domin kogin Neja da sauran koguna suna kwararo ruwa mai laka cikin teku, shi kuwa murjani mai gini garau yake son ruwansa.

Akwai mutane, musamman a Amurka da Turai da Japan, waɗanda suke kiwon murjani a falonsu. Sukan sayi tankin gilashi mai cin lita 100, ko 200, ko fiye da haka, su cika shi da ruwan gishiri, su jera duwatsu, su dasa murjani a kansu, sa'an nan su saki kifaye masu launi iri-iri. A ƙasarmu masu wannan sha'awa kaɗan ne, saboda abin yana cin kuɗi, yana kuma bukatar wutar lantarki dare da rana. To, amma bari mu ɗauka cewa kai ne mai tankin. Ga kifayenka sun taru a gaban gilashi, ga murjaninka a kan dutse, kuma lokacin ba da abinci ya yi. Me za ka ba su, kuma nawa?

Teku mai bango huɗu

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, duk abin da ka zuba a tanki yana nan a tanki. A teku, idan kifi ya ci ya bar saura, igiyar ruwa takan kwashe ta yi gaba da shi. Tanki kuwa bango huɗu ne, ba shi da mafita. Ɗan abincin da ya faɗa bayan dutse a can zai ruɓe. Wanda kifi ya haɗiye ma bai ɓace ba. Wani sashe zai dawo cikin ruwa a matsayin kashi, wani sashe kuma a matsayin wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, wanda kifi yake fitarwa ta ramukan nan na gefen kansa da yake numfashi da su. A nan sai ka kula da rubutu: *kashi* shi ne abin da dabba take kasayarwa, *ƙashi* kuwa shi ne abu mai tauri na cikin jiki. Duka biyun za su fito a wannan darasi.

Amoniya ko kaɗan ce tana iya kashe kifi. Masu ceton tanki su ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zaune a jikin duwatsu da cikin yashi. Wasu suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda gubarsa ba ta da ƙarfi. A sabon tanki, waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki kamar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya wannan aiki. Shi ya sa wanda ya cika tanki yau, ya saki kifaye gobe, ya tula musu abinci jibi, yakan wayi gari ya tarar da gawawwaki.

Ko bayan ƙwayoyin sun kama aiki, magana ba ta ƙare ba. Naitiret yana taruwa a hankali, tare da wani sinadari mai suna fosfet, wanda shi ma daga abinci yake fitowa. Idan ka yi darasin aikin gona, ka san su, domin irin su ne a cikin takin zamani. Manomi ya san cewa idan ya zuba taki, ba masara kaɗai take murna ba, har da ciyawa. Ciyawar tanki ita ce gansakuka. Da zarar taki ya yi yawa a ruwa sai ta rufe gilashi, ta lulluɓe duwatsu, ta haye kan murjani ta tare masa haske. Yawan fosfet kuma yana rage wa murjani saurin gina ƙashinsa. Ka ga halin da mai tanki yake ciki ke nan: gaba kura, baya siyaki. In ya rage abinci kifi ya rame, in ya ƙara ruwa ya ɓaci.

Kowane kifi da irin cinsa

Kafin ka sayi abinci, ka san wanda za ka ba. Kifayen tudun murjani ba cimarsu ɗaya ba.

Mafi sauƙin kai shi ne kifin kilawun, ɗan ƙarami mai ruwan lemo da fararen zane uku, wanda yara suka sani a fim ɗin *Finding Nemo* na shekarar 2003. Yana cin nama, yana cin ganye, kuma cin sau ɗaya ko sau biyu a rana ya ishe shi. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa yau a gidajen kiwo aka ƙyanƙyashe su, saboda haka tun suna ƙanana suka saba da abincin gwangwani.

Kifin tang kuwa akuyar teku ne. Yini yake yi yana kiwo, yana tsinkar gansakuka daga jikin duwatsu, kuma hanjinsa dogo ne irin na masu cin ganye. Yana da wani ƙashi mai kaifi kamar aska a gindin wutsiyarsa. Ana ba shi nori, wato busasshen ganyen teku da mutanen Japan suke naɗe shinkafa da shi. Sai ka nemi wanda ba a sa masa gishiri ko mai ko yaji ba, ka maƙala shi a jikin gilashi, kifin ya riƙa zuwa yana yaga. Abin da ya rage bayan 'yan awoyi ka cire shi. Tang ɗin da ake ba nama zalla yakan yi rauni, launinsa ya dusashe, wanda kuma yake jin yunwa yakan zama mafaɗaci, ya hana maƙwabtansa sakat.

Akwai antiyas, ƙananan kifaye masu ruwan hoda ko na lemo, masu yawo garke-garke. A teku suna shawagi ne a saman tudu suna cafkar ƙananan halittun da ruwa yake kawowa, tun safe har yamma. Ba su iya cin da yawa a lokaci guda, don haka suna bukatar ci sau uku ko fiye a rana. Mutumin da yake fita da asuba, ba ya dawowa sai bayan magariba, ko dai ya sayi na'urar da take zuba abinci da kanta, ko ya haƙura da antiyas. Kishiyarsu shi ne kifin zaki, mafarauci mai ƙayoyi masu dafi, wanda ci biyu ko uku a mako ya wadatar da shi. Sai dai duk kifin da zai iya shiga bakinsa, a wurinsa abinci ne.

Wanda labarinsa ya fi ban tausayi shi ne mandarin. Ɗan kifi ne mai zane shuɗi da kore da ruwan lemo, kamar an ɗinka masa riga da atamfa, kuma kyansa shi yake jawo masa wahala. Mai saye yakan gan shi a shago ya ƙyasa, bai tambayi abin da yake ci ba. Mandarin kuwa abincinsa wasu ƙananan halittu ne masu rai da ake kira kofifod, waɗanda yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Yana bin duwatsu yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya duk yini, kuma sau da yawa ko kallon abincin gwangwani ba ya yi. A ƙaramin tanki ko sabo, cikin 'yan makonni zai cinye duk kofifod ɗin da ke ciki. Daga nan sai ya fara ramewa a tsakiyar kifaye ƙosassu, cikinsa ya shafe, mai shi kuwa yana ta zuba abinci yana ganin kowa ya ci. A ganina bai kamata a sayi mandarin ba sai tanki ya girma, ya cika da duwatsu, ya kuma kusa shekara da kafawa.

Wani gargaɗi a taƙaice: wasu kifaye murjanin ne abincinsu. Da yawa daga cikin dangin kifin malam-buɗe-littafi haka suke. Wanda ya sa su a tankin murjani ya ba kura ajiyar nama.

Abincin da gwargwadonsa

Abincin da ake sayarwa ya kasu uku: busasshe, da daskararre, da mai rai. Busasshe yana zuwa falle-falle ko ƙwaya-ƙwaya a cikin gwangwani. Yana da ƙarfi, kaɗan ya isa. Bayan an buɗe gwangwani amfaninsa yana raguwa da daɗewa, saboda haka gara ka sayi ƙarami, ka rufe shi da kyau, ka ajiye inda babu zafi babu laima.

Daskararre shi ne wanda ake ajiyewa a firiza. A ciki akwai wasu ƙananan dangin jatan lande guda biyu, maisis da artemiya, akwai kuma yankakken naman kifin teku. Sai ka gutsuro gwargwadon bukata, ka sa a kofi, ka ɗebo ruwan tanki ka zuba har ya narke. Kada ka narkar da shi da ruwan zafi, kuma wanda ya riga ya narke kada ka mayar da shi firiza. Maisis abinci ne mai gina jiki. Artemiya kuwa kifaye suna rububinta, amma idan ta girma amfaninta kaɗan ne, kusan kamar alewa take. Wadda aka ƙyanƙyashe yanzu-yanzu ita ce mai amfani. Ana kwaso ƙwanta daga tafkuna masu gishiri, irin Babban Tafkin Gishiri da ke jihar Yuta a Amurka, a busar da shi ya zama kamar lallausan yashi. Idan ka zuba shi a ruwan gishiri, ka riƙa hura masa iska, cikin kamar awa 24 sai ka ga dubban 'ya'ya suna motsi. Wannan shi ne abinci mai rai mafi sauƙin samu a gida.

Ka riƙa sauya musu, yau wannan gobe wancan. Burodi da biskit da garin rogo da sauran tuwon jiya kuwa, kada ko ɗaya ya shiga tanki. Haka ma abincin da ake ba tarwaɗa a gidan gona, domin an haɗa shi ne don kifin ruwan daɗi ya yi saurin ƙiba a kai shi kasuwa.

To, nawa za ka zuba? Ƙa'idar da masu kiwo suke bi ita ce, abin da kifaye za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Ba a auna shi da cokali, da kallo ake gane shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ka zuba ɗan kaɗan, ka jira su cinye, ka ƙara ɗan kaɗan. Idan ka ga abinci yana sauka ƙasa ba mai bin sa, ka riga ka wuce iyaka. Kada kuma roƙonsu ya yaudare ka. Kifi yakan gane mai ba shi abinci, da ya hango ka sai ya taho gaban gilashi yana rawar jiki, ko da kuwa yanzu ya gama ci.

Lokacin ciyarwa shi ne kuma lokacin duba garke. Ka ƙirga su. Wanda bai fito ba, ko dai ba shi da lafiya, ko wani yana cin zalinsa. Idan akwai mai ƙarfi da yake hana sauran, sai ka zuba abinci a kusurwa biyu a lokaci guda. Kafin ka tsoma hannu a ruwa, ka tabbata babu sauran sabulu ko man shafawa ko maganin sauro a jikinsa.

Dabba mai gona a cikin jikinta

Yanzu mu koma kan murjani, inda abin mamakin yake. Idan ka matsa kusa da gilashi ka duba da kyau, za ka ga cewa abin da kake zato reshe guda ne, ashe taron ƙananan dabbobi ne. Kowace ɗaya ana kiranta folif. Siffarta kamar 'yar jaka ce a tsaye, bakinta a sama, kewaye da bakin kuma akwai wasu hannaye masu laushi kamar zare. Namansu a haɗe yake, kamar babban gida mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya, shi ya sa abin da wata ta ci yakan amfani maƙwabtanta.

Murjani yana samun abinci ta hanya uku. Ta farko ita ce farauta. Hannayen folif suna ɗauke da ƙananan makamai masu harbi da dafi. Yawanci da dare take miƙo su, ta harbi ƙananan halittun da suke yawo a ruwa, waɗanda ake kira filankiton, ta jawo su zuwa baki.

Hanya ta biyu ita ce noma. A cikin naman yawancin murjani masu gina tudu akwai wasu ƙananan tsirrai masu suna zuzantali. Ido ba ya ganin su, amma a wuri mai faɗin farcen yatsanka ana iya samun fiye da miliyan guda. Kamar sauran tsirrai, suna amfani da haske su haɗa sukari. Zaman nasu na haya ne: murjani ya ba su masauki, ya ba su dattin jikinsa su yi taki da shi, su kuma su biya shi da abinci. A wasu nau'o'in, kusan kashi 90 cikin 100 na abin da suka haɗa mai gidan suke miƙa wa. Launin ƙasa-ƙasa da ake gani a jikin murjani ma nasu ne.

Saboda haka fitilar da take saman tanki akushin abinci ce. Ana kunna ta kamar awa 8 zuwa 12 a rana, kuma haskenta ya fi karkata ga shuɗi, domin shuɗin haske shi ne ya fi ratsa ruwan teku. Ƙara haske farat ɗaya yana cutarwa. Sabon murjani a ƙasa-ƙasa ake fara ajiye shi, a riƙa ɗaga shi sannu a hankali har ya saba.

Wannan zaman haya yana da saurin lalacewa. Idan zafin ruwa ya haura yadda aka saba da ko da digiri 1 ne, ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjani ya kori baƙinsa. Namansa ya zama garai-garai, farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, amma gonarsa ta tafi, yunwa ta kama shi. Haka ta faru a tekuna da yawa a shekarar 1998, ta kuma faru a babban tudun Ostireliya a 2016 da 2017. A tanki ana son zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 25 ko 26 a ma'aunin Salsiyas, wanda a ƙasa mai zafi irin tamu sai da na'urar sanyaya ruwa. An kuma lura cewa murjanin da yake iya farauta sosai ya fi jure wannan masifa, domin yana da abin da zai riƙe ransa kafin baƙin su dawo.

To, amma sukari ƙarfi kawai yake bayarwa. Tuwo ne ba miya. Don gina nama, murjani yana bukatar sinadaran nan da muka kira taki, kuma a nan hanya ta uku ta shigo: yana tsotsar su kai tsaye daga ruwa ta fatar jikinsa. Daga ina suke shiga ruwan? Daga jikin kifi. Ashe dattin nan da muka ce yana ɓata tanki idan ya yi yawa, shi ne miyar murjani idan ya zo daidai. Duk sa'ad da ka ciyar da kifi, ka ciyar da murjani ba ka sani ba. A tankin da yake da kifaye ƙosassu da haske mai kyau, murjani da yawa suna rayuwa lafiya ko ba a ba su komai da hannu ba. Idan aka ba su, sukan fi saurin girma, namansu ya fi kauri.

Yadda ake ba murjani abinci

Girman baki shi yake nuna girman loma. Murjani masu manyan folif, masu nama tuɓus-tuɓus, suna iya haɗiye maisis guda sukutum. Masu rassa kamar ƙahon barewa, irin su Akurofora, bakunansu ƙanana ne ƙwarai, sai abinci mai laushi kamar gari, wanda ake damawa da ruwa a watsa a tanki, igiyar ruwa ta raba musu. Masu taushin jiki, waɗanda ba su da ƙashi mai tauri, yawancinsu haske da abin da ke narke a ruwa sun ishe su.

Akwai kuma waɗanda ba su da zuzantali ko kaɗan. Jan murjanin ado yana cikinsu, shi ya sa yake iya zama a kogunan dutse da zurfin teku inda haske bai cika kaiwa ba. A tanki, wanda aka fi sani a cikin irin waɗannan shi ne Tubastiriya, mai launin rawaya da lemo, wanda ake yi wa laƙabi da murjanin rana, ko da yake ba ruwansa da rana. Shi komai hasken fitilarka, in ba ka ba shi ba, bai ci ba. Sau da yawa a mako za ka bi folif ɗinsa baki-baki kana ba su, kamar tsuntsuwa da 'ya'yanta. Mai ƙyuya kada ya saye shi.

Ga yadda ake yi. Ka bari sai da yamma, fitila ta fara dusashewa. Ka fara ciyar da kifaye, don kada su zo su yi wa murjani ƙwace. Sa'an nan ka ɗiga kaɗan daga ruwan da ka narkar da abinci a ciki, ka dakata 'yan mintoci. Da murjani ya ji ƙanshi sai ka ga ya fara miƙo hannaye. Yanzu ka kashe famfunan da suke juya ruwa. Ka zuƙo abincin da sirinji marar allura, ka kai kusa da bakin, ka fesa a hankali, ba tare da ka taɓa naman ba, domin in ka taɓa shi ko ka fesa da ƙarfi zai tsuke. Murjani ba ya gaggawa. Za ka ga hannayen sun naɗe lomar, bakin ya buɗe, abincin yana shiga kaɗan-kaɗan. Idan akwai jatan lande a tankin ka sa masa ido, don ɓarawo ne, har cikin bakin murjani yakan sa hannu ya zaro loma. Masu kiwo sukan yanke gindin gorar roba su kifa a kan murjanin har ya gama.

Bayan minti 10 zuwa 15 ka kunna famfuna. Wannan kada ka dogara da tunaninka, ka sa waya ta tuna maka, domin tankin da ya kwana ruwansa a tsaye iskar shaƙa takan ƙare a cikinsa kafin safiya. Kada lomar ta fi ƙarfin bakin. Idan ta yi girma, murjani zai karɓa, amma cikin dare ya amayar da ita ta ruɓe a bayan dutse. Ga yawancin murjani, sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Yana da kyau ka sa safar hannu ta roba, saboda wasu nau'o'in, musamman dangin Falitowa, suna da dafi mai tsanani da yake iya shiga ta rauni ko ta ido.

Ƙashin murjani kuwa ba da nama ake gina shi ba. Abu ne dangin alli, kuma daga ruwa murjani yake zaro kayan gininsa, musamman kalsiyam, wanda a ruwan teku ya kai wajen miligiram 420 a lita guda. Yayin da murjani yake girma kalsiyam ɗin tanki yana raguwa, sai a riƙa aunawa ana mayarwa.

Ruwa ba ya tsami banza

Ta yaya za ka san ko hannunka ya yi nauyi ko ya yi sauƙi? Tankin da kansa zai faɗa maka. Idan abinci ya yi yawa, gilashi zai riƙa yin kore kwana ɗaya bayan ka goge shi, gansakuka mai kama da gashi ta tsiro a duwatsu, wani jan yauƙi ya shimfiɗu a kan yashi, murjani masu launi kuma su koma ƙasa-ƙasa. Idan ya yi kaɗan, cikin kifaye zai shafe, murjani ya koɗe, namansa ya yi siriri har ƙashi ya nuna. Masu kiwo na da sun fi tsoron datti, har wasu suka riƙa tace ruwa sai ma'auni ya nuna sifiri. Daga baya aka gane cewa ruwan da ba shi da taki ko kaɗan shi ma yunwa ce ga murjani.

Akwai kayan gwaji da ake ɗiga wa ɗan ruwan tanki, launin da ya fito ya nuna yawan sinadarin. Masu kiwo da yawa suna ƙoƙarin tsayar da naitiret tsakanin miligiram 2 zuwa 10 a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 zuwa 0.1. Ka gwada kowane mako, ka rubuta a littafi tare da abin da ka ciyar. Lamba ta rana ɗaya ba ta faɗin komai, amma lambobin wata biyu a jere za su nuna maka inda tankin ya dosa.

Idan lambobi suna hawa, kada ka huce a kan kifi ka hana su ci. Ka fara duba ko abinci yana zuba a banza, sa'an nan ka buɗe wa datti ƙofar fita, tunda tanki ba shi da tasa. Ƙofa ta farko ita ce sauya ruwa: kowane mako ko mako biyu a kwashe kamar kashi 10 cikin 100, a zuba sabo wanda aka haɗa da tataccen ruwa da gishirin tanki na musamman, wajen giram 35 a lita, daidai da na teku. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki. Ta biyu ita ce na'urar kumfa, wadda take kaɗa ruwa da iska, datti ya manne wa kumfar ya hau cikin wani kofi, a zubar. Wasu kuma sukan shuka ganyen teku a wani ƙaramin tanki da yake haɗe da babban, ganyen ya shanye takin, in ya yi yawa a yanke a yar. Dodon koɗi da ƙananan ƙaguwa suna taimakawa da shara, amma ka tuna su ma ci suke yi su yi kashi. Duk gyaran da za ka yi, ka yi shi kaɗan-kaɗan, domin sauyin gaggawa yakan fi dattin kansa wahalar da murjani.

Saura abu biyu da suke faruwa da kowane mai tanki. Na farko, ɗaukewar wuta. Muddin famfuna ba sa aiki, kada ka zuba abinci, saboda narkar da abinci da ruɓewar saura duk suna cinye iskar da ta rage a ruwa. Ka nemi ƙaramin famfon iska mai batir, in babu, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama. Daskararren abincin da ya narke a firiza har ya fara wari kuwa, bola ce makomarsa.

Na biyu, tafiya. Baligin kifi mai lafiya yana iya yin kwana biyu ko uku ba ci, ba abin da zai same shi, in ban da irin su antiyas. Haɗarin yana wurin ɗan'uwa mai tausayi da ka bar wa amana, wanda zai ga kifaye suna roƙo ya juye musu rabin gwangwani. Saboda haka kafin ka fita, ka auna abincin kowace rana ka ƙulle shi a 'yar takarda daban, ka rubuta sunan ranar a kai: Litinin, Talata, Laraba. Ka miƙa masa ƙulle-ƙullen, ka nuna masa makunnin famfo da na fitila, gwangwanin kuwa ka sa shi a akwati ka kulle.